Filastar da Wasila Ta Naɗa

Kwanan Wasila uku a asibitin ta gane cewa tukunyar dafa kayan aiki tana ja kamar wayar lantarki. Ta kai hannu za ta ɗaga murfin ke nan sai ta ji wani abu zirr ya bi yatsunta ya haura har gwiwar hannu. Ta fizge hannun, ta yi baya da sauri har ta ture kujera.

Iya Larai, mai sharar asibitin, tana tsaye bakin ƙofa da bokiti a hannu. Ta yi ta dariya har sai da ta dafa bango.

"Ta gaishe ki ke nan, 'yar nan. Duk baƙon da ya zo sai ta gaishe shi. Ki riƙa sa busasshen tsumma in za ki taɓa ta, kuma kada ki yarda ki zo mata ba takalmi."

"Iya, wannan fa wuta ce!"

"To da me kike zato? Shekara biyu muna tare da ita a haka."

Tukunya ce ta ƙarfe mai aiki da lantarki, a cikinta ake dafa almakashi da hantsaki da sauran kayan karɓar haihuwa. Tana kan benci a lungun ɗakin haihuwa, daf da wurin wanke hannu. Soket ɗin bangon ɗakin ya daɗe da ƙonewa, saboda haka aka jawo wuta daga ɗakin magani da wata doguwar waya mai bakin soket huɗu, wadda ta ratso ta ƙarƙashin ƙofa ta kwanta a kan siminti.

Wasila 'yar Gaya ce, shekararta ashirin da ɗaya, tana aji biyu a makarantar koyon aikin lafiya a Kano. An turo su aikin gwaji na wata uku, ita da ƙawarta Zulfa, wani ƙaramin asibiti mai ɗaki huɗu gaba da Ajingi, kan hanyar Gafasa. Zulfa ta sauka gidan kawunta a Ajingi. Wasila kuwa kullum da sassafe take hawa mota daga Gaya, in ta sauka a Ajingi ta nemi ɗan acaba ya ƙarasa da ita.

Sati guda kafin su taho, malaminsu Malam Abdullateef ya kwashe awa biyu yana yi musu magana a kan wutar lantarki kawai. Ya ce duk na'urar da ta taɓa jan mutum, ko sau ɗaya ne, a kashe ta, a zare ta, a manna mata takarda, a kai rahoto. Ya ce wayar da fatarta ta tsage canza ta ake yi, ba a ɗaure ta. Ya ce in suka ga wuta ta kama mutum kada wanda ya kai masa hannu sai an kashe wutar. Da aka yi gwaji a kan darasin, Wasila ce ta zo ta ɗaya a ajin.

Don haka a ranar ba ta ɓata lokaci ba. Ta sami Sista Talatu, shugabar asibitin, tana cike katin wata mai ciki. Shekarar Sista Talatu ashirin da shida a aiki, kuma rabin yaran ƙauyukan nan a hannunta aka haife su. Mace ce mai saurin magana da saurin tafiya, ko abinci a tsaye take ci.

"Sista, tukunyar ɗakin haihuwa tana ja. An ce mana a makaranta in aka ga haka..."

"Na san abin da aka ce muku," in ji Sista Talatu, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Sau biyu ina rubutawa a canza ta. In na zare ta yau, mace ta zo da naƙuda anjima, da me zan yanke cibiya? Je ki auna matan nan, tun safe suke zaune."

Wasila ta ɗan tsaya, bakinta cike da magana. Sai idonta ya faɗa kan littafinta na aikin gwaji a gefen tebur, wanda in Sista ba ta sa masa hannu ba wata ukun nan sun tashi a banza. Ta haɗiye maganar, ta ce, "To, Sista."

A sati na biyu, wata rana da babu wuta kuma ɗakin ba kowa, ta durƙusa ta leƙa bayan tukunyar. Daidai inda waya ta shiga jikin ƙarfen, fatar ta tsage, jan ƙarfen ciki ya fito yana gogar gindin tukunyar. Ta waiga ƙofa. Ta miƙe ta ɗauko filasta daga tiren wankin ciwo, ta naɗe wurin, ta sake naɗewa, har ya yi kauri kamar yatsan da aka ɗaure. Tana yi tana gaya wa kanta cewa na kwana biyu ne kawai, kafin ta sami bakin sake yi wa Sista magana.

Tukunyar kuwa ta daina ja. Iya Larai ce ta fara lura. Ta shigo ɗakin magani tana tafa hannu, ta ce, "Jama'a, mutuniyarku ta tuba! Yau da hannuna na ɗaga murfinta." Aka yi dariya. Daga ranar aka daina neman tsumma.

Tun daga nan Wasila ta rasa sukuni. Ta san filasta yadi ce, yadi kuwa yana shan ruwa, ga shi damina ta zauna sosai. In tana cikin mota ta hango hadari ta gabas, sai ta tuna da filastar. In tana auna jinin wata mata ta ji firij ya ɗauka alamar an kawo wuta, sai lissafin ya ɓace mata, ta sake daga farko. A rana takan shiga ɗakin haihuwa sau biyar, sau shida, ba tare da wani dalili ba, ta kalli rufin da ke ɗiga a gefe guda, ta bi wayar da ido har inda aka soka ta a bangon ɗakin magani, ta fito. Har ta yagi takarda ta rubuta da manyan baƙaƙe, KADA A YI AMFANI DA ITA. Takardar ta yi kwana tara a aljihun farar rigarta, har ta yi laushi.

Zulfa kaɗai ta gaya wa, suna tsaye suna jiran abin hawa a gindin darbejiya.

"To ai gyara kika yi," in ji Zulfa. "Da tana ja, yanzu ba ta ja. Mene ne abin damuwa?"

"Da suna tsoronta, Zulfa. Yanzu ba sa tsoro."

"Ke dai don Allah ki bar mu mu gama lafiya. Kin ga yadda Sista take. Saura sati nawa ne ma?"

A gida ma an lura. Mahaifinta Malam Yahya, ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma, ya ga ta tura kwanon tuwo gefe kwana uku a jere. Ya tambaye ta ko wani ne yake takura mata a wurin aiki. Ta ce a'a, Baba, gajiyar hanya ce. Ya dube ta ta saman tabarau.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Ajingi ce. Tun asuba ake ruwa, bai ɗauke ba sai wajen azahar. Da safe wata mata daga Gafasa ta haihu, Sista Talatu tana can ɗakin hutu tana duba ta. Ana ɗauke ruwa aka kawo wuta, Zulfa ta zuba kayan da aka yi aiki da su a tukunya ta kunna, ta koma ɗakin magani. Wasila tana baranda tana auna nauyin jarirai. Ta ga Iya Larai ta wuce da bokiti da abin goge ƙasa, ta ga ta tuɓe silifas a bakin ƙofar ɗakin haihuwa saboda santsi. Ta buɗe baki za ta yi magana, uwar jaririn da ke kan sikeli ta tambaye ta ko ya ƙaru. Ta sunkuya ta duba.

Abin da ta ji bai kai ihu ba. Wani gurnani ne gajere, sai ƙarar bokiti ya kife.

Kafin ta isa ƙofar, Zulfa ta riga ta. Iya Larai tana tsaye a lungu cikin ruwa, hannunta na dama ya damƙe mariƙin tukunyar, jikinta ya sandare yana karkarwa, idanunta sun yi sama. Zulfa ta ƙwalla ƙara, ta ɗaga ƙafa za ta shiga.

"Kada ki taɓa ta!"

Wasila ta cafko hijabin Zulfa ta baya, ta fizgo ta da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba, har Zulfa ta zube a baranda. Ruwa ya malale ɗakin har bakin ƙofa, soket ɗin ƙasa yana cikinsa tsundum. Babban makunnin asibitin yana cikin sito, sito kuma a kulle. Ta juya da gudu ta faɗa ɗakin magani, ta ture kwalin allurai, ta kama kan wayar a bango ta zare.

Ta ji faɗuwar Iya Larai ta cikin bango.

"Na kashe! Zulfa, tashi ki kama mini!"

Suka jawo ta zuwa busasshen wuri a baranda. Matan da ke layi sun watse, wasu na salati, wata ta rungume jaririnta ta yi bakin titi. Wasila ta durƙusa, ta jijjiga kafaɗarta tana kiran sunanta. Shiru. Ta kara kunci a hancinta tana kallon ƙirji. Babu motsi. Ta ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirjin, ta ɗora ɗayan a kai, ta fara dannawa tana ƙirgawa da ƙarfi. A makaranta a kan mutum-mutumin roba suka koya. Ba wanda ya gaya mata cewa ƙirjin mutum yana da ɗumi, kuma za ta ji ƙashi yana motsi a ƙarƙashin hannunta.

Sai ga Sista Talatu da jakar hura iska. Ta durƙusa wajen kai, ta ɗaga haɓar Iya Larai, ta kifa mata abin a hanci da baki.

"Ci gaba. In kin kai talatin ki tsaya in hura. Kada ki sassauta."

Talatin, hura biyu. Talatin, hura biyu. Gumi ya shiga idon Wasila, hannayenta suka fara mutuwa. A zagaye na biyar Iya Larai ta ja wani numfashi mai ƙara, ta yi tari, ta sake ja. Sista Talatu ta sa yatsu a wuyanta, ta rufe ido, ta ce, "Alhamdu lillahi. Juya ta gefe."

Tafin hannun ya ƙone, yatsu biyu sun yi fari fat. Sista ta wanke, ta rufe da bandeji. Da Iya Larai ta dawo hayyacinta, abin da ta fara cewa shi ne a miƙo mata ɗankwalinta, na biyu kuma a bar ta ta tafi gida, ba ta ɗora girki ba.

"Babu inda za ki sai Gaya," in ji Sista Talatu. "Wutar da ta bi ta jikinki ta bi ta zuciya. Sai an duba ta da na'ura, an kwana ana lura da ke. Wasila, ke za ki bi ta. Ni ba zan bar mai jego ba."

Aka tare wani mai adaidaita sahu da ya ɗauko buhunan masara daga kasuwa. Bai yi musu ba, ya sauke buhunan a barandar asibiti. Hanya ta jiƙe, duk ramuka sun cika da ruwa. Wasila ta rungume Iya Larai da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan jijiyar wuyan hannunta tana ƙirga bugu. Duk ramin da suka faɗa sai ta rasa bugun, ta sake lalubowa. Gonakin gyaɗa da gero suna wucewa kore shar, ita kuwa ba ta ganin komai sai fuskar matar da ke jingine a kafaɗarta.

"Kin yi shiru, 'yar nan," in ji Iya Larai da ƙyar. "Ai ke kika cece ni. Allah ya yi miki albarka."

Wasila ta kau da kai.

A babban asibitin Gaya aka karɓe ta, aka ce za a riƙe ta kwana biyu. Mijinta Malam Barau ya iso kan babur kafin la'asar, taɓon gona har gwiwa. Ya yi ta yi wa Wasila godiya, har da cire hula. Ta rasa inda za ta sa kanta.

Washegari Sista Talatu ta kira Sagiru, mai gyaran wuta a Ajingi. Ya zo da jakar kayan aikinsa, ya sa aka buɗe sito ya kashe babban makunni, sannan ya juya tukunyar. Ya daɗe yana kallo. Ya sa wuƙa ya yanko wani baƙin dunƙule, ya ɗaga shi sama.

"Wa ya naɗa wannan?"

Zulfa ta kalli Wasila ta gefen ido, ta mai da kai ƙasa.

"Filastar ciwo ce fa," in ji Sagiru. "Da tana bushe ta tare wutar. Da ruwan rufi ya jiƙa ta, ita ce ta kai wutar jikin tukunya gaba ɗaya. Kuma dubi nan, Hajiya, wayar da ya kamata ta kai wuta ƙasa in an sami matsala tun tuni a yanke take. Soket kuma a kan siminti, a ɗakin da ake wanka da ruwa. Wallahi Allah ne kawai ya tsare ku tuntuni."

Sista Talatu ta karɓi dunƙulen ta jujjuya. "Ƙila Larai ce," ta ce a hankali. "Ita ce mai ɗaure-ɗaure. Ko tsintsiya ta karye filasta take nema."

Wasila tana tsaye tana ji. Aka tashi aiki ba ta ce komai ba. A mota ta wuce inda take sauka, sai da yaron gidansu da ke sayar da rake a bakin tasha ya ƙwala mata kira.

Ranar Litinin Malam Abdullateef ya zo daga Kano, don Sista ta sanar da makaranta. Ya shigo da fara'a, ya ce labari ya riga shi isa, duk malamai suna alfahari da Wasila. Suka zauna a ofis. Sista Talatu ta ɗauko rahoton da ta rubuta tana karanta masa. Da ta zo inda ta ce ana zaton mai shara ce ta naɗe wayar bisa rashin sani, Wasila ta miƙe tsaye.

"Ba ita ba ce, Sista. Ni ce."

Ta faɗi komai, tun daga ranar da tukunyar ta ja ta, har filastar, har yadda aka daina sa tsumma. Ta zaro takardar nan daga aljihu ta ajiye a kan tebur. Malam Abdullateef ya warware ta, ya karanta, ya ninke.

"Yaushe kika rubuta wannan?"

"Kwana tara kafin abin ya faru, Malam."

"Kina da lambata?"

"Ina da ita."

"Me ya hana ki kira ni?"

Hawaye suka zubo mata, ta bar su.

"Ke kika fi kowa maki a darasin nan, Wasila. Da wadda ba ta sani ba ce, da na ce laifina ne." Ya juya ga Sista. "Zan rubuta abin da ta yi a ranar, don ta yi daidai, kuma rai ta ceta. Zan rubuta wannan ma. Za ta ƙara sati huɗu a nan bayan 'yan ajinsu sun koma."

Sista Talatu ta jawo rahoton, ta soke layin da ya ambaci Iya Larai. Sannan ta yi rubutu mai ɗan tsawo, ta tura wa Malam.

"Ka haɗa da wannan. Yarinyar ta zo ta gaya mini tun kwananta uku, na kore ta. Da na zare tukunyar a ranar, da ba ta sami abin naɗewa ba." Ta dubi Wasila, fuskarta ba sassauci. "Amma kin tsaya kina ji na ɗora wa Larai, kika yi shiru kwana uku. Wannan ya fi filastar ɓata mini rai. Share fuskarki, akwai mata a layi."

A satin aka fitar da tukunyar. Sagiru ya sa sabon soket a bango, sama da ƙugun mutum, nesa da wurin wanke hannu, ya naɗe doguwar wayar ya tafi da ita. Makullin sito ya koma rataye a ƙusa a ofis inda kowa zai iya ɗauka. Kafin a kawo wata tukunyar, a kan risho ake dafa kayan aiki, Wasila ce mai tsayawa da agogo tana ƙirga mintunan tafasa.

An sallami Iya Larai, amma sai an riƙa wanke mata hannun duk bayan kwana biyu. Zulfa ce ta je na farko. Na biyu Wasila ta ce ita za ta je. Bayan an tashi aiki ta haɗa kaya a jaka, ta hau acaba zuwa gidan Iya Larai a Gafasa.

Gidan yana ƙarshen gari, bayansa gonar gyaɗa. Ta sami Iya Larai zaune kan tabarma a inuwar rumbu, hannun yana kan cinya, tana tsince wake da hagu. Malam Barau yana gefe yana gyara ƙotar fartanya. Suka tare ta da murna, aka kawo mata ruwa. Ta kasa sha.

"Iya, kafin in taɓa hannun akwai maganar da zan gaya miki."

Ta faɗa, kanta a ƙasa. Wannan karon ba ta yi kuka ba. Da ta gama, Malam Barau ya ajiye fartanyar.

"Wato kin sani?"

"Na sani, Baba."

"Kin san abin zai iya kashe mutum, kika rufe shi, kika bar ta tana shiga ɗakin nan kullum?" Muryarsa ta ɗaga. "Likita ya ce yatsun nan biyu ƙila ba za su ƙara lanƙwasuwa daidai ba. Ga gona can ciyawa ta cinye, ita ke taya ni. Ni kuma na tsaya a gabanki ina cire hula!"

"Malam," in ji Iya Larai.

"Bar ni in faɗa!"

"Ka faɗa ai."

Ya tashi ya shige zaure. Iya Larai ta ci gaba da tsintar wakenta, ɗaya bayan ɗaya, har Wasila ta fara tunanin ko ta ɗauki jakarta ta tafi. Kaji suna ta kai-kawo a tsakar gida. Can dai ta ture tiren gefe.

"Ba zan ce miki ban ji ciwo ba, 'yar nan. Da kin ce mini, Iya, na ɗaure wayar nan amma ki ci gaba da sa tsumma, ai da na sa. Ni ba a ɓoye mini abu." Ta yi ajiyar zuciya. "Amma shekara biyu ina ganin abin nan ina dariya, ni da na haifi kamarki. Kuma da kin tsaya kuka ranar, da yanzu an yi sadakar bakwai. Na yafe miki. Shi kuma ki ba shi lokaci, tsoro ne bai sake shi ba." Ta miƙo hannun. "Zo ki yi abin da ya kawo ki, tun ɗazu yake yi mini zugi."

Wasila ta wanke hannunta, ta sa safar hannu, ta jiƙa tsohon bandejin da ruwan gishiri har ya saki da kansa. Ciwon ya fara jan nama ta gefe. Ta wanke a hankali, tana tsayawa duk lokacin da Iya Larai ta cije leɓe. Ta nuna mata yadda za ta riƙa motsa yatsun kaɗan-kaɗan safe da yamma don kada su sandare. Suka gwada tare. Ɗan yatsan tsakiya ya motsa, na kusa da shi ya ƙi.

"Zai yi," in ji Wasila. Sai ta gyara, "Ban sani ba, Iya. Amma mu riƙa gwadawa."

Da ta fito, hadari ya haɗo ta gabas, babu ɗan acaba ko ɗaya a bakin hanya. Ta tsaya tana duba agogo, tana lissafin ko za ta sami motar Gaya ta ƙarshe a Ajingi. Sai ta ji ƙarar babur a bayanta. Malam Barau ne. Ya tsaya a gabanta, bai dube ta ba.

"Hau in kai ki tasha, ruwa zai sauko."

Ta hau. Ya ja babur har tashar Ajingi. Da ta sauka ta yi masa godiya, ya juya kan babur ɗin, sannan ya ce, "Jibi da wane lokaci za ki zo? In sani, in dawo daga gona."

"Bayan la'asar, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ba babur wuta. Ɗigon farko ya sauka a kan gilashin motar daidai lokacin da Wasila ta sami wuri a kujerar baya.